Fita bakin ruwa bayan Sallah: Tiga, Galma, ko mu haƙura?

Baban Khalifa: Assalamu alaikum. Iyaye da 'yan'uwa, barkanmu da shan ruwa. Ina da shawara, in ta yi a ɗauka, in ba ta yi ba a bar ni da abata. Kowace Sallah abu ɗaya muke yi wa yaran nan: a kai su kallon hawa ƙofar fada, su sha ƙura, a saya musu balan-balan, a dawo gida. Bara mun hau Kufena, har yau Goggo ba ta yafe mana gwiwarta ba. Bana me zai hana mu ɗauki bas guda, bayan an gama su Daushe, mu tafi bakin ruwa? Yara su yi wanka, a shiga kwale-kwale, masu son fatsa su yi, a gasa kifi a wurin. In da hali ma mu kafa tanti mu kwana ɗaya. Zafin bana kam ya isa a nemi ruwa.

Auta: Yaya ka gama magana wallahi. Sifika da caja suna wuyana. Tanti ma akwai abokina ɗan sikawut da zai ara mana guda 2.

Maman Hanif: Wane ruwan tukuna? Kar dai a ce mana Kubanni, don ni ko ta kan gada na wuce sai na toshe hanci.

Baban Khalifa: Haba dai, Kubanni na cikin gari ai ba ya cikin lissafi. Abin da na lissafo: dam ɗin jami'a a Samaru, tafkin Bomo, dam ɗin Shika, dam ɗin Zariya da ke kan Galma, sai Kangimi ta wajen Maraban Jos. In ana son a ɗan yi nisa akwai babban dam ɗin Galma na Kuzuntu, can Kubau.

Angon Ummi: Ikon Allah. Waɗannan kududdufan ne Zage-zagi ke kira dam? Ku zo Tiga ku ga ruwa. Tun 1974 aka gama shi, zamanin marigayi Audu Bako, yana riƙe da ruwa kusan kubik mita biliyan 2. In ka tsaya a wannan gaɓa ba ka hango waccan. Shi ke shayar da gonakin Kadawa da Kura, tumatirin da kuke miya da shi da rani ma daga albarkarsa ne. Ku kama hanyar Kano, ku ratse dama kafin Kura, ga Bagauda a hanya ku ƙara da shi. Ni zan yi muku jagora kyauta, sadaka.

Kawu: Yaro, mata muka ba ka, ba baki ba.

Angon Ummi: Allah ya huci zuciyar Kawu. Amma ai gaskiya ɗaya ce. Ku da ko a magana ba ku raba mace da namiji, ina za ku raba dam da kududdufi?

Kawu: Tumatirin ma ƙarya kake, fadamar Galma ta ishe mu har mu loda muku. Bari in gama tarawihi in dawo kanku, don wannan magana ba ta tsaye ba ce.

Maman Hanif: Kafin Kawu ya dawo, ni tambayata ta mata ce. In an je, ina za mu kama ruwa? Ina za a canza wa yara kaya? Ku maza kun iya zagayawa bayan kowace bishiya. Kuma 'yan matan namu su ma wankan za su yi ko gadin kuloli za a kai su yi?

Baban Khalifa: Za a ɗaure zannuwa a yi ɗan shinge mana. Ai ba a rasa dabara.

Maman Hanif: Ba a rasa dabara, amma kullum mu ke nemo ta.

Goggo: (saƙon murya, Auta ya rubuto wa masu ƙaramar waya) Ku gaya wa Baban Khalifa ban yarda ba. Ruwa ba abin wasa ba ne, yana da masu shi. Kowane babban ruwa sai ya ci mutum a shekara, kuma baƙo yake ci, ba ya cin ɗan gari. Jikokina ba za su je ba. In zafi ya dame su a cika musu baho a tsakar gida.

Auta: Goggo da girmanki, wannan ai zancen da ne. Mutanen ruwan nan wa ya taɓa ɗaukar hotonsu?

Malam Ƙarami: Auta, a sassauta harshe, Goggo ce. Aljanu dai akwai su, Alƙur'ani ya tabbatar, amma cewa ruwa na da kason rai duk shekara, wannan ba shi da tushe a addini. Ajali na hannun Allah, mu kuma an umarce mu da riƙo da sababi. Sai dai kar mu yi saurin watsar da maganar manya, sau da yawa akwai abin da suka gani, fassarar ce kawai ta bambanta.

Kawu: Yauwa, na dawo. Malam ya taɓo inda nake so. Maganar yayata Goggo cewa ruwa baƙo yake ci gaskiya ce tsagwaronta, sai dai ba aljani ba ne dalili. Ɗan gari ya san inda rami yake, baƙo bai sani ba. Shi ke nan sirrin.

Ku da kuka tashi a gidan famfo ba ku san yadda cikin dam yake ba. Kogi daban, dam daban. Kogi da rani ƙasansa yashi ne, kana ganin ƙafarka. Dam kuwa wuri ne da aka tare ruwa ya hau kan gonaki da kwari da tsofaffin rijiyoyin lambu da kututturan itace. Duk suna nan a ƙasa. Shekara da shekaru kuma damina na kwaso laka tana zubawa. Sai ka shiga ruwa iya gwiwa, ka ƙara taku biyu iya ƙugu, taku na uku babu ƙasa. A kogin ma yanzu masu ɗiban yashi sun bar ramuka, inda ka taka bara lafiya bana ya fi tsayinka.

Ni da kaina na ɗanɗana. Ina ɗan shekara 14, mun sulale daga makarantar allo mu 5, da azahar, a irin wannan bazarar. Ni ne gwanin cikinsu, har kirari suke min. Na yi nitso daga kan wani dutse. Saman ruwan ɗumi kamar an dafa, amma da na yi ƙasa sai na ji sanyi ya sare ni kamar na randa, ƙafata ta dama ta ɗaure. Na taka ƙasa in yunƙuro, laka ta riƙe ni har ƙwauri, ga wata tsohuwar raga da masunta suka bari ta naɗe min yatsu. Ina ganin hasken rana a sama jaja-jaja, ba nisa, amma na kasa kai wa. Abokaina suna gaɓa suna dariya, wai ina nuna musu daɗewa a ƙasa. Wani tsoho masunci da ke gyaran komarsa a gefe shi ya lura kumfa ta daina fitowa. Bai faɗo ruwan ba ma, turo kwale-kwalensa ya yi ya zura min gora, na kama. Da ya fito da ni, mari ya fara ba ni kafin sannu. Har ya rasu ina kai masa goro duk Sallah.

To ni da na iya ke nan. Yaran naku wa ya iya a cikinsu?

Baban Khalifa: Subhanallah. Kawu ba mu taɓa jin wannan ba.

Kawu: Ina za ku ji, alhali ko Yaya sai yau take ji? Da ta sani a lokacin da na sha na biyu a gida.

Goggo: (saƙon murya) To ka ji! Shekara 50 yana ɓoye min. Ai na faɗa muku.

Anti Nas: Na biyo ku tun ɗazu ina wurin aiki. Kawu ya yi maganar abin da ke kashewa nan take, ni bari in yi ta wanda ke bin mutum gida. Tsargiya. Duk ruwan da ke kwance, mai ciyayi a gefe, wanda mutane ke fitsari da bahaya kusa da shi, ku ɗauka akwai ta har sai an tabbatar babu. Ba shan ruwan ke kawo ta ba, kuma ba cin kifin ba. Ƙwan tsutsar na fita a fitsarin mai cutar, ya ƙyanƙyashe a ruwa, ya shiga jikin 'yan ƙananan katantanwar nan da ke maƙale a ciyawa, ya yi yawa a ciki, sannan ya fito yana yawo. Ido ba ya ganinsa. Fata yake hudawa ya shiga, ko da ƙafa kawai ka tsoma. Kuma sun fi fitowa da tsakar rana, daidai lokacin da yara suka fi son wankan.

Ranar farko ɗan ƙaiƙayi ne kawai, wani ma ba ya jin komai. Sai bayan wata 2 ko 3 yaro ya fara ganin jini a ƙarshen fitsari. Abin haushin, har yanzu akwai masu cewa alamar balaga ce, yaro ya zama namiji. Wallahi ina ganinsu, uba ya kawo ɗa bayan shekaru yana fama, jini ya ƙare, karatu ya lalace. In ta daɗe tana lalata mafitsara da ƙoda, har sankarar mafitsara tana jawowa. Mata ma tana taɓa musu mahaifa, a yi ta maganin sanyi ba a san ita ba ce. Maganinta praziquantel, shi ne wanda ake rabawa a makarantun firamare ana auna tsayin yaro da sanda, a ce ya ci abinci kafin ya sha. Yana aiki sosai, amma ba rigakafi ba ne. Ka sha yau, ka koma ruwan gobe, ka sake ɗauka.

Saboda haka ni ƙuri'ata: a je, a ga ruwa, a ci kifi, amma ba wanka.

Auta: To Anti in ba wanka me ya rage? Mu je mu zauna muna kallon ruwa kamar balbela?

Angon Ummi: Tiga ai ruwa ne mai faɗi, ba irin mai katantanwa ba.

Anti Nas: Ango, katantanwa ba ta san iyakar jiha ba. Wuraren noman rani ma, inda aka ja magudanai, sun fi ko'ina. Je ka tambayi asibitocin yankin Kura da Kadawa.

Yaya Dokta: Salam. Ku kun sha ruwa, mu nan ƙarfe 4 na yamma, da sauran tafiya. Na karanta duka. Bari in ba ku labarin inda nake, ko a tsinci wani abu. Jihar Bamont ta Amurka ƙarama ce, jihar Kaduna ta kusa ninka ta biyu a faɗin ƙasa, mutanenta kuma wajen 650,000 ne, ba su kai na Zariya da Sabon Gari a haɗe ba. Amma rayuwarsu da zafi kacokan a bakin tafki take. Babban shi ne Shamfilen, tsawonsa ya kai kilomita 190, ya raba su da jihar Niyok har ya leƙa Kanada. Abin da ya ba ni mamaki ba kyan wurin ba ne, tsarin ne. Inda aka ware don iyo an kewaye shi da igiya mai balan-balan, ka san iyakarka. Ana ɗibar ruwan a gwada, in ya gurɓace a kafa allo a rufe wurin. Babba ba ya jefa ƙugiya sai da lasisi, kuma akwai irin kifin da in bai kai tsayin da doka ta sa ba dole ka mayar da shi. Wurin kwana kuwa tun daga gida kake kama shi ta intanet, ka tarar da lambarka, da murhu, da banɗaki. Da hunturu ruwan na daskarewa, su huda ƙanƙara su zauna a kai suna fatsa. An ja ni sau ɗaya, yatsuna suka daina jin magana, ban ƙara ba.

Abin da nake son in fitar: su ma ruwansu na cin mutane. Bambancin, yaransu tun suna ƙanana ake koya musu iyo a wurin da aka gina don haka, sannan a kai su tafki.

Kawu: A kama kifi a mayar? Lallai sun ƙoshi.

Angon Ummi: Dokta, a turo mana dalar bas kawai, labarin ƙanƙara ya isa.

Yaya Dokta: Ango kai da ka ce jagoranci sadaka ne? Zan sa hannu in sha Allah.

Kawu: Amma ban da wasa, mayar da ƙaramin kifi ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Da can Sarkin Ruwa ke da iko da wannan. Akwai gurbin da ake hana su a cikinsa sai ranar da ya buɗe, kuma raga mai ƙananan ido abin kunya ce ga masunci na gaske. Argungu ma ai haka ne, kogin Matan Fada a rufe yake sai ranar biki, shi ya sa kuke ganin giwan ruwa kamar ɗan maraƙi. Yanzu ne wasu ke jan gidan sauro a ruwa su kwashe har jikoki, wasu marasa tsoron Allah ma su zuba maganin feshi kifi ya taso.

Baban Khalifa: To Kawu a fatsar dai ba ka da ja ko? Don Khalifa tun jiya ya lanƙwasa allura wai ƙugiya yake yi.

Kawu: Fatsa kam ina ciki, ni zan koya musu. A sayo ƙugiyoyi ƙanana a kasuwar Sabon Gari, da zaren roba. Sanda a can za mu yanka. Ɗan guntun silifas a ɗaure a zaren, shi zai nuna maka in kifi ya taɓa. Tana ce abincin da ya fi, a tona a bakin lambu inda ƙasa ke da laima. Karfasa na cin ƙullun dusa, tarwaɗa kuwa ba ta da zaɓi, hanjin kaza, har guntun sabulu tana haɗiya. Amma ku sani da rana tsaka kifi na can ƙasa yana hutawa, sai da sassafe ko bayan la'asar. Kuma fatsa ba ta son surutu, don haka sifikar Auta ta zauna a gida.

Abu biyu za a gargaɗi yara. In ƙurungu ya fito, wanda ke gurnani in an kama shi, kar a damƙe shi da hannu, ƙayarsa na da zafi kamar harbin kunama. In kuma suka ga wani mai taushi, mai ɗige-ɗige, kamar an hura shi, minjirya ce, ta fi wayar NEPA saurin gaisuwa.

Kar kuma ku sa rai fatsarmu za ta ciyar da mutum 30. Mu isa da wuri lokacin da masunta ke fitowa daga duba mamari da raga, mu saya a bakin jirgi kafin 'yan sari su rufe su. A duba kunnen kifin ya zama ja, ido garau, ciki da tauri. Maman Hanif ta haɗo yajin ƙuli da man gyaɗa, gawayi na wuyana.

Auta: Kawu sifikar fa a hankali zan kunna.

Kawu: A gida.

Maman Hanif: Yaji kam an gama. Kwale-kwalen ne ni gabana ke faɗuwa.

Angon Ummi: A nan kam zan ajiye wasa. Mu Kanawa ba mu manta Bagwai ba. Ƙarshen Nuwamba 2021, jirgi ya taso daga Badau zai tsallaka dam ɗin Watari, akasari 'yan Islamiyya ne za su Mauludi, ya kife, sama da rai 20 suka tafi. A shekarar ce kuma aka yi na Warrah a jihar Kebbi, wanda ya fi shi muni. In ka bi labaran nan kusan abu ɗaya ne ke maimaituwa: lodi ya wuce ƙima, jirgi ya tsufa, yamma ta yi, kuma ba mai rigar kariya. Hukumar NIWA mai kula da sufurin ruwa ta hana tafiyar dare, ta ce kowa ya sa riga, amma a ƙananan mashigai wa ke dubawa? In za a shiga, ko a Tigan ne, ni sharaɗina yara 3 babba 1 a kowane zagaye, kusa da gaɓa, kowa da riga.

Baban Khalifa: Rigar a ina za mu samo? Masunta ai ba su da ita.

Angon Ummi: Zan nemo guda 4 a Kano, a riƙa karɓa-karɓa. Amma a san ta yara daban ce, in ka sa wa yaro ta babba, yana faɗawa ruwa za ta zame ta kansa.

Anti Nas: A ƙara da jarka 2 babu komai ciki, a rufe su gam, a ɗaura musu doguwar igiya. In wani ya faɗa, jarka ake jefa masa ko a miƙa gora, kamar yadda aka yi wa Kawu. Kar wanda bai ƙware ba ya yi tsalle, mai nutsewa duk abin da ya kama danne shi yake yi, shi ya sa kuke jin an rasa wa da ƙani rana ɗaya. Kuma ku cire hoton fim a ranku, mai nutsewa ba ya ihu, ba shi da numfashin yin sa. Shiru ake yi. In an fito da mutum ba ya numfashi, ba a juya shi a yi ta matsa ciki wai ruwa ya fito, hura masa iska ake yi a baki ana danna ƙirji, wani kuma ya tada mota. Ranar zan nuna muku da filo kafin a sauke kaya.

Malam Ƙarami: Da addu'ar hawa, Bismillahi majreha wa mursaha, tana cikin Suratu Hud aya ta 41. A koya wa yara tun yanzu.

Baban Khalifa: To saura kwana. Auta ya riga ya yi maganar tanti.

Kawu: Wannan kam ko a mafarki. Kai ba a ƙasar nan kake ba? Mutanen da ke ƙauyukan Giwa da Igabi da gidajensu na ƙasa ma ba su barci da ido biyu, kai za ka kwashi mata da yara 30 ka shimfiɗa su a bakin ruwa cikin tsumma? Bar ma ɓarayin daji. 'Yan sintirin ƙauye su hango tanti da fitila a inda ba su saba gani ba, ƙarfe 1 na dare, me kake so su ɗauka? Ga sauro, ga macizai da zafi ya koro neman sanyi. La'asar ta yi mana a kan kwalta, magariba a gida. Shi ya sa ma Kangimi da Kuzuntu na cire su a raina bana, sai an tambayi mutanen wurin halin da hanya ke ciki a satin.

Auta: Shi ke nan an kashe tanti, an kashe sifika, an kashe wanka.

Yaya Dokta: Auta kafa tantin a tsakar gidan Goggo, yara su kwana ciki. Wallahi za su fi tuna shi fiye da kifin.

Goggo: (saƙon murya) Wannan na yarda. Amma a share min wurin da safe.

Baban Khalifa: Na karɓi duka, sai abu ɗaya da ke ci min rai. Mun ce ba wanka, na yarda. To har yaushe? Kawu ya iya ruwa don ya saci jiki ya koya. Mu an tsare mu, ga ni da shekara 42 in na faɗa rijiyar lambu sai dai a yi min salati. Yanzu mu ma mu tsare namu, su girma kamar mu, ranar da aka tura ɗaya bautar ƙasa Neja ko Bayelsa ya hau jirgi dole fa? Hani kaɗai ba ya koya wa yaro komai. Iya ruwa fidda kai aka ce, mu ko fidda kan ba mu koya musu ba.

Malam Ƙarami: Wannan gaskiya ne. Akwai maganar da ake jingina wa Sayyidina Umar, cewa a koya wa yara iyo da harbi da hawan doki. Mu Zazzau mun riƙe dokin, mun saki sauran.

Anti Nas: Ban ce kar su koya ba, Yaya. Na ce ba a dam ba. A nemi wurin wanka na gini wanda ake sa wa magani, mai malami, a biya musu ko sau 8 ne a dogon hutu. A tambaya ko akwai ranar mata, in babu mu haɗa kuɗi mu kama awa 2 namu na kanmu.

Maman Hanif: Kuɗin fa? Ba kowa ke da shi ba. Ni dai nawa na gode Allah, Hanif ko bakin kwata ba ya zuwa, daga makaranta sai Islamiyya.

Auta: Hmm.

Maman Hanif: Hmm na me?

Auta: Ba komai Anti.

Kawu: Auta, faɗi.

Auta: Kawu don Allah kar a ce ni na faɗa. Hanif da Khalifa da yaran maƙwabta suna zuwa wani kududdufi bayan unguwa, inda aka haƙi ƙasar bulo. Tun kafin azumi. Ranar Alhamis da Juma'a da ba Islamiyya. Na kama su sau 2, suka roƙe ni. Hanif ma ya fi su iyawa, yana tsallake shi gaba ɗaya. Suna shafa mai daga wata jarka ƙarama da suke ɓoyewa don kar a ga jikinsu ya yi fari.

Maman Hanif: Innalillahi. Man da nake ta cewa yana ƙarewa da wuri!

Baban Khalifa: Khalifa?? Wanda ke lanƙwasa allura a gabana kamar bai san komai ba?

Kawu: Kar wanda ya taɓa su da bulala a daren nan. In kun doke su gobe za su canza kududdufi, su canza Auta. Ku kawo min su bayan sallar asuba.

Anti Nas: Ku kuma tambaye su a hankali, ba a gaban mutane ba, ko suna ganin jini in sun gama fitsari. Ko sun ce babu, a kawo min su ranar Litinin da fitsarin tsakar rana, tsakanin 10 da 2, a kwalba mai tsabta. Har yaran maƙwabtan in iyayensu sun yarda.

Goggo: (saƙon murya) Jinin Kawunku ne, ba wani abu ba. Auta kai kuma zo ka same ni.

Baban Khalifa: To. Ga inda aka tsaya kafin in je in ga wannan yaron. Kawu zai je wajen Dakace, bakin Galma, ranar Asabar ya gaida masuntan da ya sani, ya ji wurin da ya dace da wanda za a nemi izini a wurinsa. In bai gamsu ba sai mu duba Tiga. Kowane gida 5,000, a tura wa Maman Hanif. Maganar koyon iyo kuma ta tashi daga dogon hutu ta dawo satin bayan Sallah.

Angon Ummi: Ku dai ƙarshenta Tiga za ku zo.

Maman Hanif: A tura wa Anti Nas kuɗin, ni yanzu ba ni da natsuwar lissafi. Hanif ya yi barci wai. Bari in duba wandunansa a kwandon wanki.